Shekarar da gyaɗa ta mayar da ni ajin yara

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina ba su fara yi mani gardama ba, na koma lakwal, wato makarantar boko. Ni da na tsaya aji huɗu saboda barci ya fi ƙarfina. Kuma ba babban aji ba, jardan, wurin 'yan shekara huɗu, nan Tasawa.

Jikata ce sanadi. Ɗiyata na aikin biro, wato ofis, sai ta riƙa kai yarinyar jardan da safe, can suke cin abincin rana. Wata rana aka ba su shinkafa da wake, an barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Kafin a kwashe tire leɓunanta sun kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi na fita kamar usur. Bisa moto aka kai ta asibiti. Allah ya sa da sauran kwana. Likita ya ce gyaɗa ce jikinta bai so: ba ƙuli, ba man gyaɗa, ko hannun da ya taɓa gyaɗa kada ya shiga abincinta.

Na ce, "Likita, sake dubawa dai. Shekara arba'in ina noman gyaɗa wajen garin Sarkin Hausa. Wannan jinina ce."

Ya ce, "To Baba, jinin naka ya yi maka tawaye."

Daga nan uwar ta riƙa dafa mata nata a gida, cikin kwano mai murfi, ta aje magani wurin malamarsu. Malama, don tsoro, ta shimfiɗa mata tabarma can gefe, ƙarƙashin iccen bedi. Sauran yara kuwa sun kewaye tire guda suna wawaso. Sai kwanon ya riƙa dawowa gida yadda ya tafi. Sati biyu, wuyan yarinya ya yi tsawo.

Na ce mata, "Amarya, mi ya hana ki ci?"

Ta ce, "Kaka, laifin mi na yi?"

A wurinmu ai ba mai ci shi kaɗai sai wanda aka yi wa horo.

Washegari ƙarfe goma sha ɗaya na sa babbar riga na tafi. Malama ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce, "Madam, sabon ɗalibi ne, a rubuta." Ba ta yi dariya ba. Ta sa na zazzage aljihu, sai ga gyaɗa soyayya cikin 'yar leda, wadda ni kaina na manta da ita. Ta ƙwace. Na wanke hannu da sabulu har gwiwa, na kurkure baki sau uku, sannan aka ba ni izinin zama.

Har yau ina ganin inuwar nan. Rana na ratsa ganyen bedi tana yawo bisa tabarma, kurciya na kuka can sama, surutun yara kamar tsuntsaye sun sauka gonar gero. Na sa hannu, jikata ta sa hannu. Ta cinye tas, har da suɗi.

Kwana uku, yara suka fara matsowa kallon tsoho mai gemu a ajinsu. Sai na zama jandarma a shinge. "Kai, tsaya! Ina takardu?" Takardun su ne hannuwa. Mai ƙamshin sabulu ya samu loma guda, mai maiƙo a juya shi wurin buta. Kafin wata ya ƙare tabarma ta yi mana kaɗan, ɗiyata na mita wai rabin aji take ciyarwa.

Mai dafuwa ta ga ana barin tirenta, ta zo da kanta ta tambayi ɗiyata. Daga nan mai dafuwar ta koma manja, ta sake tukunya, ta samo sabon turmi wanda bai taɓa ganin ƙuli ba don dakan yaji. Ranar da jikata ta zauna tsakiyar 'yan uwanta a babban tire, malama na tsaye kanta da magani a hannu. Ba abin da ya faru sai ci.

Da yamma yarinyar ta ce, "Kaka, gobe kada ka zo. Kana cinye mana nama."

Yanzu ta girma, ita ke tsare mai ƙosai da tambayar wane mai ne a kasko. Ni kuwa abin ya bar mani wata ɗabi'a. In aka aje mani tuwo ni kaɗai, sai in tsinci kaina riƙe da murfi, ina kallon ƙofar zaure, ko wani zai yi sallama.