Waliccin Da Na Hana Yaya Haladu

Ni ne na yi kuskure, ba Yaya Haladu ba. Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa, sai bana na iya faɗin haka a fili.

Duk wanda ya kalli wasan kwaikwayo a talabijin mai baƙi da fari zai tuna yaron nan mai wushirya da ke bin awaki yana kuka. Yayana ne. Yana ɗan shekara tara masu shirya wasa suka zo daga Kano ɗaukar hoto a duwatsun Birnin Kudu, suka tsince shi cikin 'yan kallo. A sana'ar ya yi furfura, daga talabijin zuwa kaset, daga fitowar yaro zuwa ta maigadi, ta boka, ta tsoho makwaɗaici. Jama'a na dariya, ni ina jin kunya.

Da auren 'yata Hadiza ya tashi a garinmu Wurno, kusa da Birnin Kudu, shi ya kamata ya ba da ita, don shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu. To, surukan gidan malamai ne daga Gwaram. Na ji tsoron ya buɗe baki gaban liman a tuna bokan fim, wani ya tuntsure da dariya. Sai na wakilta maƙwabcina, ban ko sanar da Yaya ba. Ya iso cikin sabuwar babbar riga, ya nufi gaba, na riƙo hannunsa na nuna masa gefe. Ya dube ni ya ce, "Ba komai, Malam. Mun saba a cire mu daga fitowa." Kusa da takalma ya zauna har aka shafa fatiha.

Bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban nemi gafararsa ba, har Allah Ya karɓi abinsa.

Yau 'ya'yan waɗancan malaman ne ke tura guntayen wasanninsa a waya, suna tambayata ko da gaske cikinmu ɗaya. Da yana nan, na san murmushi zai yi, ba zai tona ni ba.

Watan jiya matarsa, Hajiya Talatu, ta aiko in je Kano. Da na je na zauna, ta ce auren autarsu Safiya ya zo, kuma marigayi ya bar wasiyya ni zan ba da ita. Na tambaye ta yaushe ya faɗi haka. Ta ce a mota ne, suna komawa daga auren Hadiza, rigar na jikinsa.

Kaset ya shuɗe, dariyar ma za a manta. Wannan halin nasa ne ya rage mini.

Na sauka daga kujera na durƙusa. Na ce, "Hajiya, na wulaƙanta mijinki ranar da ya zo fita kunyata. Ba ya nan balle in roƙe shi. Ke da yaran, don Allah ku yafe mini."