Injin da Mai Kwaɗo Ya Haɗa a Ɓoye

A layinsu babu mai kiransa da sunansa. A gaban idonsa Injiniya ake ce masa, in ya ba da baya kuma Mai Kwaɗo. Ya san da sunan na biyu, kuma ya daɗe yana zargin mai kemis ɗin da ke fuskantar shagonsa ne ya laƙaba masa shi. Sunan dai bai yi ƙarya ba. Kwaɗo uku ne a ƙofar shagon, biyu a akwatin kayan aiki. Matarsa takan ce da tukunya tana da wurin rataya kwaɗo, da sai ta nemi izini kafin ta ɗora girki.

Ba haka ya taso ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani kamfanin roba inda ake yin bokitai da kwanuka da cikin firij. Da tsintsiya ya shiga, bai fita ba sai da ya iya kwance kowane inji ya mayar. A shekararsa ta tara ya gano dalilin da ya sa wani inji yake yaga roba a kusurwa guda kullum. Ya zana gyaran a bayan takardar siminti, ya nuna wa abokinsa da suke cin abincin rana a kwano ɗaya. Mako bai zagayo ba aka gyara injin, aka ɗaga abokin ya zama shugabansu. Tun daga ranar bakinsa ya mutu. Da kamfanin ya rufe, sai ya kama shago mai ƙuryar ɗaki, yana gyaran fanka da dutsen guga da injin markaɗe. Duk abin da ya gyara sai ya ɗiga jan farce a kan kusoshinsa, don in an dawo da shi an ce ya sake lalacewa, ya gane ko wani hannu ya shiga.

Babbar 'yarsa malama ce a wata cibiya inda manya waɗanda suka rasa ganinsu suke koyon tafiya da sanda da karatun rubutun makafi. Wata Asabar ta zo gida, ta baje kwalaye a tsakar falo tana manna zare da gam. Taswirar hanya ce daga cibiyar zuwa tashar mota, wadda ake karantawa da yatsa.

"Mutum goma sha bakwai gare ni, Mama," ta ce da uwarta. "Kowace taswira kwana uku take cin mini, kuma mako guda yatsu sun ɓamɓare zaren."

Mai Kwaɗo ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya shafa, ya ajiye.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ni na ƙirƙira, Baba."

"To, kada ki nuna wa kowa."

"Baba, waɗanda nake yi wa ai ba sa gani," ta ce, ita da uwar suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya riga ya tuna injin da yake yin cikin firij: a gasa fallen roba ya yi laushi, a kifa shi a kan siffa, a zuƙe iskar da ke ƙasa, nan take ya ɗauki kamannin abin. Siffa ɗaya, kwafi ɗari. Bai ce musu komai ba. In abin ya ƙi, ba ya son dariya. In ya yi kuma, ba ya son ɓarawo.

Da Litinin ya fara. Kafintoci biyu ya yi wa magana, ɗaya ya yanka masa gefunan akwati, ɗayan murfi, don kada wani ya ga aikin a haɗe. Murfin da kansa ya huda shi, ƙananan ramuka sahu-sahu sama da ɗari huɗu, har tafin hannunsa ya yi bororo. A gefen akwatin ya yanke kafa ya cusa tiyon wani tsohon injin zuƙar ƙura da mai shi ya bari shekara uku bai waiwayo ba. Ya zare wayar hita daga mataccen murhun lantarki, ya shimfiɗa ta a cikin farantin ƙarfe, ya rataya farantin a kife sama da akwatin. Ya haɗa firam biyu masu matse roba a tsakaninsu. Robar kuwa ragowar masu yin allon talla ce, a can wata unguwa inda ba a san fuskarsa ba.

Matarsa ce ta fara shan jinin jikinta. Farantin da take gasa biredi ya ɓace. Gwangwanin maɓallan riga da ta shekara goma tana tarawa ya yi sauƙi. Mutumin da bai taɓa makara wajen abincin rana ba ya koma aiko da cewa a ajiye masa, in ya dawo kuma rigarsa tana warin ƙonanniyar roba.

"Baban yara, me kake dafawa a shagon nan?"

"Aiki."

"Da farantina?"

"Wa ya ce miki farantinki yana wurina?" Ya ajiye cokali yana kallonta. "Wa kika yi maganar da shi?"

Ta yi masa wani kallo, ta kwashe kwanuka.

Abin bai zo da sauƙi ba. In robar ta yi zafi da yawa sai ta ɓule, in ba ta yi ba sai ta tattare kamar goshin mai fushi. Da ya kama lokacin, wato sanda fallen ya saki ciki ya ɗan lanƙwaso ƙasa, sai wata matsalar ta fito. Ya jera maɓallai goma a sahu biyu don gwaji, robar ta ɗauki siffarsu lafiya lau. Amma siririyar wayar da za ta zama titi da kan ƙananan ƙusoshin da za su zama rubutun makafi, ko alamarsu. Zuƙar ba ta da ƙarfi. Ya kwance injin zuƙar ya mayar sau uku. Daga nan ya yanke cewa wani ne yake shigo masa. Ya barbaɗa hoda a ƙasan ƙuryar kafin ya rufe, washegari ya tarar da sawun ɓera da na takalminsa. Ya tsaya ya daɗe yana gwada takalmin a kan sawun.

A tsakanin nan mai kemis ya tsinci wani abu a kwandon sharar layi: fallen roba mai ƙusumbi goma, zagayayyu, biyar-biyar. Shi da yake sayar da magani shekara da shekaru bai buƙaci a gaya masa ba. Katin ƙwaya ne, saura a zuba a manne bayansa. Kafin la'asar tela ya ji, mai wanki ya ji. Kashegari mata biyu suka zo suka karɓe fankokinsu ba a gyara ba. Mai Kwaɗo ya ga ana yin shiru in ya wuce, sai ya ƙara tabbata maganar injinsa ta fita kuma ana shirin sace masa.

Ranar Alhamis da hantsi mai gidan hayar ta zo, dattijuwa mai sanda wadda ba ta iya kwana-kwana ba. Mai kemis yana bayanta riƙe da fallen robar a cikin leda. Matar Mai Kwaɗo ma ta biyo su, don maganar ta je mata har gida.

"Injiniya, an ce kana buga jabun magani a ɗakina," in ji dattijuwar. "Ka buɗe in gani, ko in aika a kira hukuma su buɗe."

"Magani?" Ya dubi ledar, ya dubi mai kemis. Ya kasa gane ko da gaske suke ko dabara ce ta leƙa masa aiki. "Inna, ke ki shiga. Wannan kuwa ya tsaya a waje."

"Wanda ya yi zargi shi ne zai fara shiga," ta ce.

Sai da ya sa suka jira, ya shiga ya lulluɓe tiyon da wayoyin da buhu, sannan ya bar su suka shigo. Ɗakin ya yi musu kaɗan. Matarsa ta ɗaga kai ta ga farantinta a rataye, baƙi ƙirin.

"Ga shi nan kuwa," ta ce a hankali.

Ya ɗora siffar a kan murfin: katako mai wayoyi a manne, da 'yan guntayen itace a madadin gidaje. Ya matse roba a firam, ya kunna hita. Da fallen ya saki ciki, ya sauko da shi da sauri, ya taka makunnin injin zuƙar da ƙafa. Injin ya yi gurnani. Robar ta kwanta a kan gidajen, ta ƙi kama titunan, kamar kullum.

"Kai, Baban yara, abin naka yana cin mayafina!"

Ya waiwaya. Gefen mayafinta ya manne a kusurwar akwatin ta baya, wurin da aikin kafinta na farko ya haɗu da na biyun. Ya tsuguna ya kai yatsa, ya ji iska tana shiga ta wata 'yar tsaga da ko farce ba zai shiga ba. Mako biyu yana neman ɓarawo. Ya toshe wurin da gam, ya liƙa salatif, ya sa sabon falle. Wannan karon robar ta faɗa da wani sauti, fat, kowace waya ta fito, kowane kan ƙusa ya tsaya.

Matarsa ta karɓa tun da ɗuminsa, ta shafa. Ta gane taswirar 'yarta.

"Wannan ne ka kasa gaya mini?"

"Da kin gaya mata. Ita kuma da ta gaya wa mutanen ofishinsu."

"Ai don su ka yi!"

Dattijuwar ta ce a buɗe taga kafin warin ya kashe ta, kuma kada ya ƙona mata gida. Mai kemis ya juya taswirar gaba da baya.

"Na gani," ya ce. "Amma wanda ya iya yin wannan ai zai iya yin wancan."

Bai janye maganarsa ba har yau, kuma bai daina leƙa kwandon shara ba. Shi ya sa Mai Kwaɗo ya koma yayyanka ɓatattun fallaye da almakashi yana tafiya da su gida a jaka.

'Yar ta yi kuka da ta gani, sannan ta matsa masa sai ya kai da kansa. Ya je cibiyar da kwafi goma sha bakwai a ƙarƙashin hammata, ya zauna a kujerar baya yana lura da kowa. A cikin ɗaliban akwai wani tsohon direba da ciwon suga ya tafi da idonsa. Ya bi taswirar da yatsa sau biyu, ya tsaya.

"Malama, wa ya yi wannan?"

"Mahaifina ne, ga shi nan a baya."

"Injiniya, aiki ya yi kyau. Amma akwai kuskure. Daga gidan mai zuwa tasha kwanar hanya biyu ce a hannun dama. Kai ɗaya ka sa."

"Da ƙafata na taka hanyar nan sau huɗu," in ji Mai Kwaɗo. "Ɗaya ce."

"Biyu ce."

Mai Kwaɗo ya tashi ya matso a hankali. Idanun mutumin a buɗe suke, ba ka ce komai ya same su ba. Ya ɗaga hannu ya kaɗa a gaban fuskarsa.

"Baba!" 'yar ta ce, kamar ta nutse.

Direban ya yi dariya har da buga cinya. "Bar shi, Malama. Injiniya, iskar hannunka na ji, da warin roba. Da ina gani, da ina bakin sitiyari, ba nan ba. Je ka duba tsakanin mai faci da katangar makaranta."

Daga cibiyar bai wuce shago ba. Ya je ya tsaya tsakanin mai faci da katangar. Lungu ne siriri, wanda ya ɗauka ƙofar gida ce. Mai ido zai wuce bai ƙirga shi ba. Mai sanda kuwa, da zarar bango ya ƙare sandarsa ta faɗa fili, kwana ce, zai juya ya shiga. Ya tsaya yana kallon lungun, ya ga inda ya ƙare a wani buɗaɗɗen kwalbati.

Da sassafe ya koma ya karɓe duka goma sha bakwai ɗin. Ya gyara siffar, amma bai kunna hita ba sai da ya kai katakon cibiyar ya ɗora a cinyar direban. Mutumin ya shafa, ya gano wani wurin kuma da ba a sa ba: gangaren gaban banki.

Shekara huɗu ke nan. Sun yi hanyar tasha, ta kasuwa, da ta ofishin fansho. Fanka da dutsen guga suna nan suna ciyar da gida, taswira kuwa aikin Laraba ne. Kowace sabuwar hanya tare suke takawa, direban riƙe da gwiwar hannunsa, shi kuma da fensir a bayan kunne, suna musu tun daga ƙofa. Makon jiya hanyar asibiti suka bi, suka tarar murfin wata kwata ya karye a tsakiyar hanyar masu ƙafa. Mai shagon da ke wurin ya ce an zo an auna, za a gyara cikin mako.

"To, a bar shi," in ji direban. "Kada ka sa abin da zai ɓace kafin roba ta huce."

"Ka yarda da shi?"

"Ya ce an auna."

"Ya ce." Mai Kwaɗo ya zaro fensir ya yi alama a takarda. "Zan sa. In sun gyara, ka zo ka gaya mini, in zo in taka da ƙafata."