Jar Ƙararrawar Ɗakin Kwamfuta

Duk daular da ta daɗe a duniya, in ka bincika, za ka tarar akwai wani bawan Allah da aka ba kujera aka ce ya zuba wa wani abu ido. Ni allurar mita aka ba ni, na kuma riƙe wannan babban muƙami shekara huɗu. Abin da zan ba ku labari, wallahi da ni aka yi, ba ji na yi ba.

Zamanin kuɗin fetur ne, lokacin da ake sayen abu tukuna a tambayi amfaninsa. Wata ma'aikata a Tudun Wada ta sayo kwamfuta, ba irin ta aljihunku ba, wannan ɗaki guda ta cinye, aka sa mata sanyin da ko shugabanmu, Alhaji Lawal, bai samu a ofishinsa ba. Kayan aikina su ne ma'aunin zafi a bango, mitar wuta mai allura, fitilun da ke ƙiftawa a gaban na'urar, da littafin da nake rubuta abin da suka nuna kowace awa, sai wata jar ƙararrawa a saman ƙofa da aka ce za ta kaɗa in zafi ya wuce kima.

Wata Juma'a, kwana uku ke nan na'urar tana haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai, kuma Alhaji ya ce duk wanda ya katse aikin, ya rubuta takardar sallamarsa da hannunsa, ya rage wa akawu wahala. Da azahar ta gabato na duba komai lafiya lau, na rubuta, na kulle ƙofa, na hau babur ɗina basfa zan nufi masallaci, sai ƙararrawa ta ɗauka.

Baba Tanimu maigadi, da butarsa a hannu, ya ce, "Malam, amaryarka na kira."

Na koma ciki. Ma'aunin zafi bai motsa ba, allura na tsaye inda na bar ta, fitilu na ƙiftawa cikin ladabi, ƙararrawa kuwa ba ta fasa ba. Na tsaya ina lissafi: in na kashe alhali babu komai, na kori kaina, in na bari alhali akwai, faifan da ke ɗauke da makin yara ya tafi, ni ma na bi shi. Sai na yi abin da babu shi a littafin koyarwa, na zagaya na dafa bayan akwatin faifan. Kamar na dafa tanda. Na yi bisimilla na kashe na'urar daki-daki yadda aka koya mana, fitilar ƙarshe na mutuwa ƙararrawa ta yi shiru.

Alhaji ya dawo daga masallaci ya wanke ni tas, har da tambayar ko ni na haifi kwamfutar. Ran Litinin injiniya ya zo daga Kaduna, ya tarar fankar cikin akwatin ta ƙone, ya ce da an ƙara 'yan mintoci da sai dai a yi wa faifan ta'aziyya. Ko maki ɗaya bai ɓata ba. Alhaji ya tara ma'aikata ya ce tun ranar da ya ɗauke ni ya ga alamar basira a goshina. Aka ƙara mini girma, Baba Tanimu ya yi shekara yana kirana Sarkin Allura.

Shawarata ga masu wannan aiki yau, da na ji waya ce ke sanar da su komai: ku yarda da ma'auninku, amma ku riƙa tashi kuna dafawa, kuma in an kira ku, ku amsa tukuna ku tambayi mai kira. Ni na tambaya. Injiniyan ya taka kujera ya kwance murfin ƙararrawar don ya nuna mini yadda take aiki, ya daɗe yana kallo, ni da Baba Tanimu muna ƙasa. Wayoyinta biyu na naɗe cikin ledar da suka zo da ita daga jirgi, ba a taɓa haɗa su da komai ba.