Tarakta a Gindin Gawo

Tun da na yi wayo, abu biyu ne suka taɓa tsorata ni. Na farko fara. Na biyu tarakta.

A kasuwar Tasawa na fara ganinta, 'yan shekaru bayan Nasara sun bar mulki. Lokacin gujiya ke tashe, wadda mutanen Kano ke ce wa gyaɗa. Kowa ita yake shukawa. Malamin gona, wani saurayi ɗan lakwal, wato ɗan boko, mai gajeren wando, ya kawo taraktar bayan kasuwa don mutane su gani. Ƙarama ce, ja, tana jan galmar ƙarfe a baya. Direba ya tashe ta, ta yi tari, ta fesa hayaƙin man gazuwal, ta tsaga ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan kafin mutum ya gama tauna goro. Mutane suka yi ta kabbara. Da ta tsaya, ni sai na tsuguna na sa hannu cikin kunyar da ta yi. Hannuna ya shige har kusa da gwiwar hannu. Na bar kasuwar ban sayi gishirin da ya kai ni ba.

Gonarmu gandu ce ƙarama, ni da ƙanena muke noma ta. Jigawa ce, rairayi zalla. Mu da hauya muke noma, mai doguwar ƙota, mutum yana tsaye yana turawa, tana aske ciyawa a saman ƙasa. Ba ta shiga ko tsawon yatsa. Shekara talatin ina godiya ga Allah da ya yi hauya haka.

A tsakiyar gonar akwai gawo. Duk manomi ya san ƙarƙashin gawo ya fi ko'ina albarka, don yana zubar da ganye da damina ya ba shuka rana, dabbobi kuma suna yi masa taki da rani. Ni ban taɓa shuka komai a wurin ba, tun daga gindinsa har wani tsohon suri da ke gabas da shi. Ƙanena ya sha tambayata dalili. Nakan ce a bar wurin. Mutanen gari suka yanke cewa iskoki ne ke zaune a gawon. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Maganar ta yi mini amfani.

Ga abin da ke wurin. Shekarar da fara ta cinye hatsi ina ɗan shekara sha biyu ko kusa. Babanmu ya tafi kudu neman abinci, bai dawo ba har yau. Gwaggonmu ta goya ƙanena, yana jariri, ta bi ayari da shi. Gari ya watse. Ni da innata muka rage a bukkar gona muna tonon gidan tururuwa don tsabar da suka tara. Wata safiya ba ta tashi ba. Na je gari neman wanda zai taimake ni, na sami tsofaffi biyu da ba su iya miƙewa. Na dawo na haƙa da kwasa, 'yar fartanyarmu, da hannu. Na haƙa har hannuna ya shige zuwa kafaɗa, hannun yaro mai yunwa, sai ƙarfi ya ƙare. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Na juya fuskarta gabas, na fasa tulunmu na rufe ta da tsingaron, na tura ƙasa, na jibga ƙaya saboda kura. Ke nan.

Da ƙanena ya dawo yana ɗan saurayi, ya tambaye ni kabarin inna. Na kai shi maƙabartar gari na nuna masa wani tudu da ba mai shi. Ban iya ce masa na turbuɗe uwarmu kamar mushe ba. Tun daga ranar, duk Idi yakan je ya tsuguna a wancan tudun ya yi addu'a, ni ina tsaye a bayansa.

Kuma iska tana kwasar rairayi kowace shekara. Saiwoyin gawon da a da ke binne, a lokacin har akuya na tuntuɓe da su. Ban san nawa ya rage a kan inna ba. Ban ma ƙara sanin ainihin wurin ba, sai dai tsakanin gawo da suri.

Bayan kwana kaɗan malamin gona ya zo garinmu, aka taru ƙofar mai gari. Ya ce tarakta ba ta zuwa don gona ɗaya, gazuwal ɗinta ya fi ƙarfin haka. Sai gida shida masu gonaki a jere sun yarda, a tuge ciyawar gamba da ke kan iyakoki, ta bi su duka a miƙe kamar gona guda. Biyar suka yarda nan take. Tamu ce ta uku a jerin, a tsakiya. In na ƙi, kowa ya rasa.

Na kawo dalilai, kuma ba ƙarya ba ne. Na ce gonar da mutum biyu ke gamawa da hauya ba ta bukatar ƙarfe mai shan mai. Na ce in aka birkice jigawa da zurfi, iska za ta ɗauke ta. Na ce in ta lalace a nan, maƙerin garinmu lauje ya iya, wa zai gyara? Malamin ya amsa kowanne da murmushi, yana haɗawa da Faransanci. Sai maƙwabcinmu na arewa, wani mai baki kamar reza, ya ce:

"Malam, bar wahalar da kanka. Ba iska mai kwasar ƙasa yake tsoro ba, iskokin gawo ne. Surukansa ne, ba ya son a tashe su daga barci."

Aka yi dariya. Wani ya ce a kai musu fura su ƙaura. Ƙanena bai yi dariya ba, kansa yana ƙasa don kunya.

A hanyar gida ya yi mini magana irin wadda bai taɓa yi ba. Ya ce yana da 'ya'ya biyar, bayansa ya fara ciwo, gujiyar da ake shukawa da wuri ita ke cika buhu. Ya ce shi ma ɗan gidan ne, gonar ba tawa ce ni kaɗai ba. Gaskiya ya faɗa.

"Yaya, in akwai wani dalili ka faɗa mini. In babu, ka bar ni in ɗaga kai cikin mutane."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Na dube shi, na ga goshin innata a fuskarsa, na kasa. Na ce na yarda, amma a kewaye gawo da suri. Ya ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa tsoho.

Kwanakin da suka biyo ban ci abincin kirki ba. Ko tuwo na kai baki sai in ga galmar nan tana juya wani abu fari. Na yi tunanin in je in tone inna da kaina in mayar da ita maƙabarta. Na ɗauki kwasa har gindin gawo sau biyu. Hannuna ya ƙi. In na haƙa nan ban same ta ba fa? In na same ta kwasar ta fasa kai fa? Na koma na kakkafa itatuwa kewaye da wurin, na ɗaura musu tsumma don direba ya gani. Na ce wannan ya isa.

Ruwan farko ya sauka, washegari da hantsi tarakta ta iso. Gari duka ya fito. Ta fara daga gonar arewa, ta miƙe kudu, ta juyo. Kowane zuwa tana matsowa. Na je wurin direban tun kafin ya fara na nuna masa itatuwan, ya gyaɗa kai yana kunna taba. Ban san ƙanena da maƙwabcin nan sun riga sun gaya masa cewa tsoron iskoki ne kawai, ya bi ta kai, in an gama zan huce ba.

Ina tsaye wajen suri na ga ta doso. Ina jira ta karkata. Ba ta karkata ba. Ƙafarta ta gaba ta taka itacen farko, ya karye. Na ɗaga hannu na yi ihu, amma wa ke jin mutum cikin wannan ruri? Direban yana duban baya, yana kallon galmarsa. Ban san lokacin da na ruga ba. Na dai san na faɗi rub da ciki a gabanta, fuskata cikin jiƙaƙƙen rairayi, ƙasa tana rawa a ƙirjina, zafin injin yana dukan ƙeyata. Na rufe ido. Na ce to, mu biyu za ta nome.

Ta tsaya. Mata suna salati. Direban ya diro yana zagina da Hausa da Faransanci, ya ce saura taki ɗaya ya zama mai kisan kai saboda mahaukaci. Ban kula shi ba. Na rarrafa bayan taraktar, inda galma ta riga ta shiga wurin da kamar taki huɗu. Na bi kunyar da hannu ina tona. A ƙarshenta, daidai bakin ƙarfen, ga tsingaro biyu a kife. Na ɗauki ɗaya na goge. Zanen wuyan tulunmu ne, layi uku da ɗigo. Na sa yatsa a ƙasan wurin a hankali, na taɓa abin da na taɓa, na mayar da ƙasa.

Ƙanena ya tsaya a kaina, ransa a ɓace, ya ce in tashi na ba su kunya. Na miƙa masa tsingaron.

"Inna ce a nan," na ce. "Ni na sa ta. Iyakar zurfin da na iya ke nan."

Ya juya tsingaron a hannunsa. Ya dubi kunyar, ya dubi bakin galma. Waɗanda ke kusa sun ji, suka gaya wa na baya. Maƙwabcin mai baki ya cire hularsa ya rasa inda zai sa ta. Da ƙanena ya yi magana, muryarsa can ƙasa take.

"To wa nake yi wa addu'a shekara ashirin?"

Na ce ban sani ba. Wani bawan Allah ne, shi ma yana bukata.

Liman ya zo. Na ɗauka zai ce na yi zunubin da ba ya wankuwa, abin da na fi tsoro ke nan tun ina yaro. Ya tambaye ni shekaruna a lokacin, ya tambaya ko na juya ta gabas. Ya ce kada a tone ta, a ƙara mata ƙasa. Mutanen da suka zo kallon tarakta su suka ɗebo ƙasa da ƙwarya da hannu har tudu ya tashi, aka yi sahu cikin gona aka yi mata sallar da ba ta samu ba. Direban ma ya shiga sahu.

Bayan haka ya ce ba zai iya aiki a gonar ba. In ya kewaye tudun da gawo da suri, abin da ya rage bai isa ya juya ba. Ya ɗaga galmarsa ya bi ta gefe, ya gama wa na kudu, ya tafi. Maƙwabta sun sami gujiya mai yawa a shekarar, ba zan ɓoye ba. Mu muka sami abin da hauya ta saba ba mu. Bayan shekara biyu taraktar ta daina zuwa, an ce wani ƙarfe ne ya karye a cikinta. Ko da ta ci gaba da zuwa, ban san wa zai fi wani gaskiya tsakanina da su ba.

Da kaka ƙanena ya ce a raba gandu. Ban yi musu ba. Ya ce shi zai ɗauki gefen da gawo yake. Na ce wurin da ba a shukawa ya cinye kusan rabin gefen, zai cutu. Ya ce ya sani.

Ya yi shekara guda ba ya cin abinci tare da ni. Da Idi ya zagayo, ya biyo ta ƙofata, na bi shi. Muka je gona ya tsuguna gindin gawo. Da ya shafa addu'a, sai ya miƙe ya nufi maƙabartar gari, wurin wancan tudun da ba mai shi. Na tsaya a bayansa kamar kullum.