Darar Sanda

Sanda, abokina tun muna kiwon awaki, Allah ya jiƙansa, manomi ne kamar kowa a Ƙarfi: masara, waken soya, da 'yar auduga idan shekara ta yi kyau. Karatunsa na boko a ƙaramar sakandare ya tsaya, lokacin da mahaifinsa ya rasu, gona ta dawo hannunsa. Amma makaranta ta bar masa wani abu da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah, wato son kalmomin Turanci. Ba wai ya iya doguwar hira da harshen ba ne. Kalmomin kawai yake so. Yana tsintar su a jikin buhun taki, a kwalin magani, a bakin masu rediyo, kamar mai roron gyaɗa.

Da la'asar idan an taso daga gona, maza kan taru gindin ɗorawar bakin hanya a buga dara. Nan Sanda ya ƙirƙiro tasa darar. Sai ya tona gurabe biyar a jere, ya sake wani layin a ƙasansa, ya sake wani, har layi huɗu. Kowane gurbi harafi ɗaya ne. Ya rubuta haruffa ukun farko da tsinke, iri ɗaya a kowane layi, ya aza musu ƙwayar masara. Gurabe biyun ƙarshe ya bar su wayam. Wanda ya cike su, kalma ta fito, kuma ya faɗi ma'anarta, masarar layin tasa ce. Wanda ya kawo kalma bai san ma'anarta ba, ya tashi ya ba wani wuri.

"Waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne," in ji shi. "Tsayinsu ɗaya, goshinsu ɗaya, a ƙafa suka bambanta. Ga *plant*, shuka. Ga *plate*, faranti. Ga *plank*, katako. Wannan kuwa *plane*, jirgin sama ke nan."

"Bature mai fartanya!" Ɗanasabe mai shayi ya ɗaga murya. "Yaushe jirgin naka zai sauka a gonar auduga?"

"Ranar da shayinka ya ga madara," in ji Sanda.

Aka kwashe da dariya. Amma Ɗanasaben nan da kansa, kafin kaka ta zagayo, sai da ya riƙa barin tukunya a wuta yana zuwa cin masarar mutane. Mu da muka manta da abin da aka koya mana a firamare, muka dawo muna gardama a kan harafi. Abin da ya fi faranta wa Sanda rai a duniya shi ne ya ji wani ya ce, "Ku zo mu buga darar Sanda." Ba shi da shago mai allo, ba shi da mota mai rubutu a baya. Wannan ne kaɗai abin da ke ɗauke da sunansa.

Yana da taubashi, Mannir, ɗan kawunsa, shugaban wata makarantar kuɗi a Funtuwa. Tun suna yara suke wasan taubasai: wannan ya kira wancan bawansa, wancan ya ɗauke wa wannan hula ranar Sallah, ba mai fushi, don ba a fushi da taubashi. Wata rana Mannir ya zo gaida Inna, mahaifiyar Sanda, ya tarar da mu ana dara. Ya daɗe tsaye yana kallo. Sannan ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, ya fito da waya yana ɗaukar hoto.

"Bawana, ashe akwai ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin malfar nan?"

Daga nan ya riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Sanda bai ɓoye masa komai ba. Ya ba shi 'yan ɗakin gurbi huɗu, ya ba shi na gurbi shida, ya nuna masa waɗanda suka haɗu a tsakiya da waɗanda suka haɗu a wutsiya. Mannir ya ce zai koya wa ɗalibansa, kuma ranar bikin yaye su zai kira Sanda gaban iyaye, ya ce ga mai abin.

"Da sunanka za a kira ta," in ji shi. "Ka dai wanke ƙafa kafin ka zo."

Ranar bikin, Hansai matar Sanda ta fito masa da rigar Sallarsa, an kai ta bugu tana ƙyalli. Na goya shi a babur. Tun daga Ƙarfi har Funtuwa yana bita a bayana, yana gwada abin da zai ce idan an miƙa masa lasifika, yana tambayata ko ya fara da Turanci ko da Hausa.

Aka zaunar da mu can bayan rumfa. Aka yi jawabai. Sai aka fito da wani faffaɗan katako mai fenti, an huda masa gurabe biyar-biyar, an sa marfin kwalba a madadin masara. Ɗalibai suka jeru suka buga, suna faɗin kalma da ma'anarta. Har maganar tsayi ɗaya da goshi ɗaya suka maimaita. Sanda ya damƙe mini gwiwa, idonsa ya kawo ruwa.

Mai gabatarwa ya ce, "Wannan ita ce Darar Malam Mannir, wadda shugabanmu ya yi shekaru yana nazari kafin ya fito da ita."

Aka yi tafi. Sanda bai saki gwiwata ba. Ya ɗauka gyara na tafe. Mannir ya karɓi lasifika, ya gode wa Allah, ya gode wa iyaye. Can sai ya hango mu.

"Af, ga bawana can daga ƙauye. A ba shi shinkafa ƙunshi biyu, manomi ne, akwai ci!"

Rumfa ta ɗauki dariya. Sanda ma ya yi murmushi, don haka al'ada ta ce.

Da aka watse ya sami Mannir a bakin ofis, ya yi magana a hankali don kada wani ya ji.

"Mannir, ba haka muka yi da kai ba."

"Haba, taubashi! Abin bawa ai na ubangijinsa ne. Ko fushi za ka yi, in je in gaya wa Inna?"

Ya dafa masa kafaɗa ya wuce wurin baƙi. Muka hau babur muka dawo Ƙarfi. Da Sanda ya kai wa Inna maganar, ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka kai ƙarar taubashi ba, ya rufa mata asiri kada ya raba ta da ɗan'uwanta. Ya ce to.

Washegari da la'asar ya zo gindin ɗorawa. Gurabensa na nan yadda ya bar su. Ya sa ƙafa ya share su layi-layi, ya zauna ya kalli masu dara ta gargajiya. Ɗanasabe ya tsokane shi da jirgin sama, Sanda ya ci gaba da kallon dara. Bai sake tona gurbi ba.

Damina ta gaba ciwon ciki ya kwantar da shi a asibiti a Malumfashi. Kullum na je, bayan gaisuwa sai ya ce, "Mannir bai aiko da komai ba?" Ba kuɗi yake nufi ba, na sani. Kalma ɗaya yake jira. Har ya cika ba ta zo ba.

Mannir ya zo ta'aziyya, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan bawana." Aka shafa. A Funtuwa har yau ana buga wasan da sunan Mannir.

Bayan sadakar arba'in, Ɗanasabe ya tsuguna gindin ɗorawa ya tona gurabe biyar-biyar da yatsa, ya zuba masara. Kalma uku muka iya tunawa, ta huɗun ta gagare mu.

Wani baƙo mai jiran mota ya leƙo ya ce, "Wannan wace irin dara ce?"

Ɗanasabe bai ɗago kai ba.

"Ta Sanda ce," in ji shi. "Sanda na Ƙarfi. Ka riƙe sunan."