Ƙashin da Kawu Ya Binne

Abin da zan rubuta a nan ya dogara ne da abubuwa uku: littafin da nake rubuta awo a cikinsa, da hotuna biyu da na ɗauka da waya, da abin da mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ta yarda ta faɗa mini daga baya. Littafin ya nuna na kawo ƙashin gida ranar Litinin, cikin watan Sha'aban na shekarar da na soma digiri na biyu. Ranar da aka binne shi kuwa, ni na riƙe Alhamis, Mma ta ce Laraba. Ban rubuta ba a lokacin, don haka ba zan yanke ba. Maganganun da zan kawo daga ka suke, ba lalle ne kalma da kalma ba.

Karatuna a kan ƙasusuwan birai ne na da can, waɗanda suka daɗe a ƙasa har suka fara zama dutse. Mukan auna su, mu gwada da na birai masu rai, domin a gane wane ne ɗan'uwan wane, da inda zuriya ta rabu. Wannan guntu malamata ce ta tono shi a wani kogon dutse. Ƙashin damtse ne, bai kai tsawon tafin hannuna ba, kuma bakunansa biyu duk sun karye. A nan wahalar take, domin a bakin ƙashi ake saurin gane mai shi. In babu baki, sai a koma ga kauri, da lanƙwasa, da ɗan tudun da tsoka take kamawa. Malamata tana zaton na bika ne, babban birin nan mai dogon baki, wanda an daina ganinsa a wancan yankin. Amma ta sa alamar tambaya a takardarsa, saboda damtsen yaro ma yakan zo kusa da wannan girma. Aikina shi ne in cire alamar nan, kuma babi guda na kundina a kansa ya rataya.

Rufin ɗakin bincikenmu ya yi yoyo, aka rufe shi don gyara. Malamata ta amince in tafi da ƙashin gida, abin da ba ta taɓa yi wa ɗalibi ba. Na riƙe shi a cinya cikin trotro, motar haya, har unguwarmu Aboabo. A ɗaki na nemi abin da ɓera ba zai iya ci ba, na sami gwangwanin biskit, na shimfiɗa auduga, na kwantar da shi. Wannan ne kuskurena na farko. Ni da aka haifa a Zango, na san cewa babu gidan da gwangwanin biskit yake ɗauke da wani abu in ba zare da allura ba.

Awo bakwai nake bukata. Na gama huɗu, na ga ba zan ci gaba ba sai da teburin gwaji da ke cikin wani littafi, na tafi Oforikrom da safe don a yi mini kwafinsa. Ina can wata maƙwabciyarmu mai sayar da koko ta shigo aron baƙin zare. Mma ta ɗauko gwangwanin, ta buɗe a gabanta.

Kafin azahar na dawo, na tarar da tsakar gida cike da mutane. Tun daga ƙofa na ji wata tana cewa, "Ashe tsafin sakawa ba na maza kaɗai ba ne." Wato ni, da nake ƙirga kuɗin mota kullum, ina tsafin neman dukiya da ƙashin mutum! Mma tana zaune a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi. A tsakiya kuma ga Kawu, yayanta, da gwangwanin a kan gwiwarsa. Shi ne yake wanke mamatan unguwarmu maza tun ba a haife ni ba.

"To, ga Dakta ta iso," in ji shi. "Zo ki gaya wa jama'a, wannan ɗan wane ne?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce kayan makaranta ne, na nuna masa lambar da aka rubuta a jikin ƙashin da tawada.

"Ba lamba na tambaye ki ba, 'yar nan. Na mutum ne ko ba na mutum ba?"

"Kawu, mafi rinjayen zato na biri ne."

"Zato! Kun ji ko? Shekara nawa uwarki tana soya ƙosai, zato aka koya miki? Je ki yi alwala, ki dafa Alƙur'ani, ki ce wallahi ba na ɗan Adam ba ne. In kin yi, ki ɗauki abinki, ni kuma in kori waɗannan 'yan gulmar da sanda."

Mma ta buɗe fuska, ta ce, "Ki rantse mana, ba ke kika karanta ba?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da ƙashin. Awon nan huɗu duk sun karkata wajen bika, amma ukun da suka rage su ne masu raba gardama. Na ce, "Ku ba ni kwana biyu, zan faɗa muku."

"Kwana biyu ɗan mutane yana kwance cikin gwangwanin biskit?" Kawu ya miƙe. "Ki saurara. In na biri ne, na yi asarar ƙyallen alawayyo. In na yaro ne muka bar shi haka, wa zai amsa gobe, ke ko malamarki?"

Har yau wannan tambaya tana cikin abin da ya fi ƙona mini rai. Na roƙe shi ya bari in gama awon a nan gabansa, ma'aunina yana cikin jaka, ba zan wuce rabin awa ba. Ya ce ba a gwada mamaci kamar yadin kanti. Ya wanke ƙashin da ruwan buta, ina kallo tawadar lambar tana bin ruwan zuwa kwata. Ya naɗe shi cikin farin ƙyalle. Bayan la'asar ya fita da ƙashin, shi da maza biyu. Na bi su har bakin titi, aka mayar da ni, domin mata ba sa zuwa maƙabarta.

Ina fushi da mai koko, wadda ta zaga unguwa da labari kafin ta zo ta tambaye ni. Ina fushi da Kawu, da ya san darajar yin abu daidai a nasa aikin, wanda ba ya yarda a karkace likkafani ko da yatsa guda, amma ya hana ni rabin awa in yi nawa daidai. Ina kuma fushi da waɗanda suka ce mini daga baya, da kin rantse kawai, ai kaffara tana nan. Da na rantse a kan abin da ban tabbatar ba, da me zan sake rubutawa a littafin awo wanda ni kaina zan yarda da shi?

Malamata ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauko takardar ƙashin, ta rubuta "ya ɓata" a ƙarƙashin alamar tambayarta, ta ce in nemi wani babi. Tun daga ranar ba ta sake barin ɗalibi ya fita da komai ba, kuma kowa a sashen ya san dalili.

Sau uku na je wajen Kawu in ji inda ya binne ƙashin. Ya ce ya manta wurin. Mutumin da yake iya nuna kabarin kakarmu cikin ciyawa ba tare da wata alama ba! Na ce masa ba tonowa zan yi ba, ya ce to me zan yi da sani?

Hotunan nan biyu ba su da amfani, na ɗauke su a ɗaki mai duhu, ban kuma sa ma'auni a gefe ba. Wannan ne kuskurena na biyu. Abin da ya rage mini lambobi huɗu ne da layuka uku da babu komai a kansu. Har yau ban san abin da Kawu ya binne ba: damtsen bika ne, ko na yaro?