Na Sayar wa Tsofaffi Kabari a Madina

Kafin in zama mutumin da iyaye ke nuna wa 'ya'yansu da haɓa, ni mai sana'a ne, kuma mai ilimi. Kada ku yi dariya. Na yi aji huɗu a firamare a Shagari, ko da yake na huɗun ta taga na ji yawancinsa, don kullum a makare nake zuwa daga kiwon awakin babana. Da wannan ɗimbin ilimi na kafa tebur da benci a gindin darbejiya kusa da sakatariya, ina rubuta wa mutane takardu. Tsofaffin ma'aikata masu bin fansho su ne abokan cinikina. Abin da nake samu yana isar tuwo, miya kuwa sai ranar da Allah ya so. Amma ina barci, kuma ba wanda ke tofar da yawu in na wuce.

Wata rana wani tsoho da fanshonsa ya maƙale ya tambaye ni ko na san wani a ciki. Ban san kowa ba sai maigadi, shi ma ba ya amsa gaisuwata. Na ce na sani. Ya ba ni na goro in kai. Na ci goron ni kaɗai. Da lokaci ya yi kuɗinsa suka fito da kansu, ya bi kasuwa yana sa mini albarka. Ranar na koyi darasin da ba a koya mini a aji ba: abin da zai faru da kansa, in ka riga ka karɓi ladansa, ya zama aikinka. In bai faru ba kuma, sai ka ce a ƙara haƙuri.

Haka na yi ta yi har tebur ya yi mini kaɗan. Na koma Bodinga, na kama shago, na sa aka zana jirgin sama a allon ƙofa. Mai zanen bai taɓa ganin jirgi a kusa ba, abin ya fito kamar tarwaɗa mai fiffike, amma mutane suka fara kira na ejan. Aikina shi ne in tattara fasfon masu zuwa Umra in kai wa kamfani a Sakkwato, a ba ni kamasho. Da na tsaya nan, da yau jikokina na zuwa yi mini barka da salla.

A wurin mai shayi abin ya same ni. Wani malamin asibiti yana karanta wa mutane labari a wayarsa, wai akwai ƙasashen da tsoho mai fansho zai shiga a matsayin baƙo, bayan ya sauka ya nemi bizar ritaya, a bar shi ya zauna har ƙarshen ransa. Ya faɗi sunayen ƙasashen, can nesa, harshena ma ba ya iya juya su. Ya jero sharuɗɗa, kuɗi a banki, shaidar lafiya, da sauransu. Ni rabin farko kawai na ɗauka na sa aljihu.

Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba. Tsohon garinmu ba ya mafarkin bakin teku. Abin da yake roƙo bayan kowace salla shi ne Allah ya ɗauki ransa a Madina, a yi masa salla a can, a rufe shi a can. Ni kuwa na san wannan, don kakana da wannan addu'a ya mutu. Sai na fara raɗa wa tsofaffi cewa an buɗe wata sabuwar hanya: ka tafi da bizar Umra, in ka sauka mutumina zai juya maka ita ta zama ta ritaya. Babu wannan hanya. Babu mutumin.

Na farko da ya biya wani tsohon falken shanu ne daga ƙauyen Mandera, wanda ciwo ya riga ya cinye. Ya tafi, kafin kwanakin bizarsa su cika Allah ya karɓi abinsa a can. Na zaci za a zo a kama ni. Sai ga 'ya'yansa da rago, wai na cika wa babansu buri. Daga Kajiji har Bodinga aka ɗauka, aikin ejan ya yi. Na karɓi ragon, na ma yi musu ɗan wa'azi a kan kyakkyawan ƙarshe.

Labarin ne ya kawo mini Malam Ummaru, tsohon hedimastan da ya koyar da ni, wanda ya yi ritaya ya koma garinsu Kajiji. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma. Ya sauka daga babur, ya dubi allon, ya dube ni.

"Kai na ɗan tagan nan?"

Na durƙusa na ce, "Ni na, Malam. Allah shi ƙara girma."

"An ce kana kai mutane su zauna Madina. Ina takardar da hukumar can ka badawa?"

Na ce sai an sauka ake ba da ita, hannu da hannu. Ya tambayi sunan mutumin nawa, na ce ba ya son a san shi. Ya ƙura mini ido. Malam ba wawa ba ne, ya gyara ƙaryar yara shekara da shekaru. Wallahi na ga ya gane akwai rami a maganata. Amma yana son abin ya zama gaskiya fiye da yadda nake son kuɗinsa. Ya ce, "To, Allah shi sa mu dace."

Ya sayar da shanunsa ya biya ni. Sannan ya yi abin da mai tafiyar da ba dawowa yake yi. Ya raba gonakinsa ga 'ya'yansa maza tun yana raye, ya bar musu gidan, ya ba masallaci littattafansa. Ya bi Kajiji gida gida yana neman gafara, har gidan wanda suka yi shekaru ba sa magana saboda iyakar gona. Liman ya yi masa addu'a, mata suka yi kuka. 'Yarsa Hajara, mai aikin jinya a Bodinga, ita kaɗai ta zo shagona ta ce, "Baba ejan, ka ji tsoron Allah. In babu, ka ce babu." Na ce mata yarinya, ki bar manya su yi aikinsu.

A filin jirgi na gaya masa in an gama ibada kada ya bi ayari ya dawo. Ya zauna a ƙofar gabas ta masallacin Madina bayan kowace la'asar, da jar hula a kansa, mutumina zai gane shi. Na zaɓi jar hula ne don ita na gani a kan wani mai wucewa.

Lissafina, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, shi ne zai mutu kamar na Mandera. Sai Allah ya ba shi lafiya. Ya zauna a ƙofar nan kullum, wata ya bi wata, guzurinsa ya ƙare, ya koma cin abin da masu sadaka suka miƙa. Duk wanda ya dube shi sau biyu sai ya miƙe ya yi masa sallama. Ranar da jami'ai suka zo duba takardu, ya miƙe musu su ma, yana murna, ya zaci an zo. Aka tsare shi, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka sa shi a jirgi. Aka hana shi sake shiga ƙasar sai bayan wasu shekaru, shi kuwa shekarun ne ba shi da su.

Hajara ce ta kai ƙara. A kotu na so in yi Turanci don alƙali ya san da wa yake magana, ya ce in yi Hausa kowa ya huta. Sauran tsofaffin da suka biya suna jiran tafiya suka cika benci. Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na fi jin sauƙi.

Gidan yari ba sai na ba ku labari mai tsawo ba. Wake da tsakuwa, kwarkwata, da bokiti ɗaya a lungu. Na shiga da haƙora, na fito da wurinsu. Matata ta koma gidansu, ɗana ya daina sa sunana a bayan nasa. A can na koyi salla a kan lokaci, don babu inda za ni.

Da aka sake ni na hau babur zuwa Kajiji. Gidan Malam an ja katanga a tsakiya, kowane ɗa da iyalinsa, gonakin kuma ɗaya ma ta riga ta canza hannu. Ba mugunta suka yi masa ba, shi ya ba su, kuma shi ya ƙi a rushe komai saboda shi. Na same shi a ɗakin da ake ajiye harawa a da, kusa da zaure. An ce ba ya fita sai masallaci, don yana jin nauyin haɗa ido da mutanen da suka yi masa kukan rabuwa.

Na durƙusa na ce, "Malam, na zo neman gafara."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kai ma ka tsuhwa."

"Na tsuhwa, Malam."

"Ina kaka son a ruhe ka?"

Ban yi tunani ba na ce, "Shagari, kusa da babana."

Ya ce, "Allah shi ba ka." Ya juya fuskarsa bango.

Ban san ko gafara ce ba, har yau ban sani ba. Ya rasu da damina, aka rufe shi a bayan Kajiji cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na je, na tsaya a sahun ƙarshe. Da aka ɗauki makara na miƙa hannu, babban ɗansa ya matsa kafaɗarsa ya rufe wurin.

Na tuba, kuma ina tuba kullum, amma tuba ba ta sayen tikiti. Yanzu ina sayar da goro da asuwaki a bakin tasha, in kun zo ku saya, ba na ba da bashi, na san halin mutane.

Ga nasihata, ku karɓa ko da daga bakin tsohon ɗan damfara ta fito. In tsohonku ya ce zai je wata ƙasa ya ƙarasa kwanansa, ku je ofishin jakadancin ƙasar da ƙafarku ku tambaya tun yana gida, tun bai sayar da ko akuya ba. Duk wanda ya ce muku sai an sauka za a gyara, kuma mutuminsa ba ya son a san shi, irina ne, ku tashi ku bar masa bencinsa. Ku kuma masu ɗan wayo, masu zaƙin baki, ranar da aka tambaye ku ko kun san wani a ciki, ku ce ba ku sani ba. Za ku kwana da yunwa, na yarda. Ni na ƙoshi a ranar, ga shi yanzu ko gawa ba a yarda in taɓa.